Yadda sauyin yanayi ke shafar arewacin Yobe, da abin da duniya ke yi a kai

Manoman gero a Dapchi, da masu noman shinkafa a Gashua, da masuntan Nguru duk sun dogara ne da damina gajera, da kuma ruwan da koguna ke kawowa daga nesa. Shi ya sa sauyin yanayi ke saurin taɓa abincin mutanen wannan yanki.

Masana sun tabbatar cewa ayyukan ɗan Adam ne ke ɗumama duniya. Ƙona man fetur da iskar gas da kwal, tare da sare dazuzzuka, na tara iskar kabon a sararin samaniya, ita kuma tana riƙe zafin rana. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya gano cewa tsakanin 2011 da 2020 zafin duniya ya ƙaru da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas, idan aka kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900.

A yankin Sahel, ƙarin zafin na ƙafar da ruwa daga ƙasa da tafkuna da wuri. Haka kuma iska mai ɗumi na ɗaukar danshi mai yawa, don haka ruwan sama kan sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Gona ɗaya na iya fama da fari a farkon damina, ambaliya kuma ta cinye ta a ƙarshenta. Jihar Yobe na cikin jihohin da ambaliyar 2022 ta shafa, wadda ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya.

Sai dai ba dukkan matsalolin yankin ne suka samo asali daga sauyin yanayi ba. Kogunan Haɗeja da Jama'are ne ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru kafin su haɗu su zama Kogin Yobe, wanda ke ratsa Gashua. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya yadda ruwan ke zuwa. Ciyawar kachalla ta samu wurin yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, har wasu gonaki suka nutse, wasu kuma suka bushe. Ɗumamar yanayi ta tarar da wannan rauni ne, ta ƙara tsananta shi.

A matakin duniya, an kafa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi a 1992. A birnin Paris na Faransa, a 2015, ƙasashe suka amince su riƙe ƙarin zafin ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa nan da 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a wannan shekarar.

Batun kuɗi ne ya fi jawo taƙaddama, domin abin da Afirka ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. A taron Masar na 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, a taron Baku na 2024 kuma aka tsayar da dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, adadin da ƙasashe masu tasowa da dama suka ce ya yi kaɗan.

Wasu shirye-shiryen sun iso Yobe. Jihar na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Tafkin Nguru kuwa tun 2000 yake cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Rage hayaƙi nauyi ne da ya fi rataya a wuyan manyan ƙasashe masu masana'antu. Amma sakin ruwan madatsu a kan lokaci, da yashe hanyoyin ruwa, da samar da iri mai saurin nuna, da isar da hasashen hukumar NiMet ga manomi kafin shuka, duk ayyuka ne da ke hannun gwamnatin tarayya da jihohin da kogunan suka ratsa.