Ciwon da Ya Ƙi Tafiya da Damuwar da Ke Biyo Bayansa

Ciwon da ya wuce wata uku yana addabar mutum, kamar ciwon baya, amosanin gaɓɓai ko sikila, yakan jawo ciwon damuwa. Barci ya ƙaurace, sana'a ta tsaya, mutum ya daina zuwa suna da biki, sai zuciya ta karaya. Karayar kuwa tana ƙara zafin ciwon, domin ƙwaƙwalwa ce ke auna raɗaɗi, kuma tsoro da baƙin ciki suna ɗaga ma'aunin. Shi ya sa ƙwaya kaɗai ba ta wadatarwa.

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koya wa majinyata horon natsuwa na mako takwas a Jami'ar Massachusetts ta Amurka: mutum ya bi numfashinsa, ya lura da raɗaɗin ba tare da kokawa da shi ba. Akwai kuma jinyar tattaunawa da Aaron Beck ya assasa, inda ƙwararre ke taimaka wa majinyaci ya tantance tunani irin "tawa ta ƙare", ya koma harkokinsa sannu a hankali. Wani gwaji da aka wallafa a 2016 kan mutum 342 masu ciwon baya ya nuna hanyoyin biyu sun fi kulawar da aka saba wajen rage raɗaɗi.

Wani zai ce ana nufin ciwon nasa ƙirƙira ne. Ko kusa. Ciwon gaskiya ne, kuma waɗannan hanyoyin ba sa maye gurbin magani, sauƙinsu ma matsakaici ne. Amma ga wanda ciwo ya hana shi barci da kasuwa, matsakaicin sauƙi ba abin rainawa ba ne.