Haɗe Ƙashin Baya: Ƙofofi Uku Da Likita Ke Bi

Ciwon ƙugu ba baƙo ba ne a Lafagu da sauran ƙauyukan Bagudo, inda noma da ɗaukar kaya suke sa mutum ya yini a sunkuye. Galibi hutu da magani sukan wadatar. Amma idan ƙashi ya goce, ko ya karye, ko tarin fuka ya ci shi har ya danne jijiyoyin ƙafafu, to, maganar fiɗa ta taso.

Ƙasusuwa 5 ne a ƙasan gadon baya, da faifan guringuntsi a tsakaninsu. Aikin haɗewa shi ne a dasa gutsuren ƙashi tsakanin ƙasusuwa biyu, a ɗaure su da sukurori da sandunan ƙarfe, har su zama ƙashi ɗaya, abin da kan ci wata 6 zuwa shekara. Likitoci biyu na birnin New York, Russell Hibbs da Fred Albee, su ne suka bayyana aikin a 1911, saboda masu tarin fuka na ƙashin baya.

Ƙofa ta farko ita ce ta baya, wadda aka fi bi. Ta nan likita yake ganin jijiyar da aka danne, ya sake ta, sai dai dole ya ture tsokokin baya. A 1953 Ralph Cloward ya nuna yadda za a cire faifan ta wannan hanya, a cike gurbinsa da ƙashi.

Ta biyu ita ce ta ciki. Tarin fuka gaban ƙashi yake ci, don haka a 1956 Hodgson da Stock na Hong Kong suka riƙa shiga ta gaba, suna kwashe ruɓaɓɓen ƙashi, sa'an nan su yi dashe. Haɗarinta shi ne manyan hanyoyin jini da ke kwance a wurin.

Ta uku ita ce ta kwiɓi, wadda yankanta kaɗan ne, amma ƙashin kwatangwalo yakan tare hanyar kaiwa gaɓar ƙarshe, kuma akan taɓa jijiyoyin cinya. Watau inda cutar take shi ke zaɓa wa likita ƙofa.

Irin wannan aiki sai babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Ga mutumin Lafagu tafiya ce mai nisa da tsada, don haka gaggawa ta fi komai. Tarin fuka na ƙashin baya yakan warke da magani kaɗai idan an kama shi da wuri, maganin kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Duk wanda ciwon bayansa ya zo da rama, ko zazzaɓin dare, ko doro, ko sanyin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari, ya kamata a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya wajen mai ɗori. Jijiyar da ta daɗe a danne ba lalle ta farfaɗo ba, ko da an yi fiɗar.