Jirgin ƙasa a kan tebur: darasin waya ga yaran Figil

Tun 1974 layin dogon Kamaru ya tsaya a Ngaundere, bai ƙara gaba ba. Daga can zuwa Garwa tafiyar kusan kilomita 280 ce a mota, daga Garwa zuwa Figil kuma akwai wajen 90. Shi ya sa manyan motoci ne ke kwashe simintin da kamfanin Cimencam ke yi a garinmu, kuma yawancin yaranmu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba. An daɗe ana maganar miƙa layin har Njamena. To in Allah ya kawo shi, wa zai riƙe aikin wuta da na sigina? 'Ya'yanmu, ko sai an ɗauko daga kudu?

Wannan tambaya ce ta sa ni, a matsayina na mai aikin lantarki, na haɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur don yaran da ke koyon aiki a wurina. Irin wanda ake kira HO ne: komai an rage shi sau 87, tazarar ƙarafan biyu milimita 16.5. Wasu na cewa wasan yara ne. Ni kuwa na ce allo ne na koyon waya.

Dokar farko: ba a kafa ƙarfe sai an zana waya a takarda. Jirgin ba shi da batir, daga ƙarafan yake shan wutarsa, volt 12. Ƙarfe ɗaya na kawo wuta, ɗayan na mayar da ita. In ka juya su, jirgi ya koma da baya. Don haka kala biyu muke amfani da su, ja da baƙi, ba ma musanya su ko'ina.

Na biyu, mahaɗar ƙarfe da ƙarfe ba abar dogaro ba ce, balle a Figil da ƙurar hunturu da ta siminti ke shiga ko'ina. Sai mu ja waya mai kauri biyu a ƙarƙashin tebur, mu riƙa fito da sirara muna liƙa wa ƙarafan bayan kowace mita ɗaya. In ba haka ba, jirgi na nisa da tushen wuta zai fara ja da ƙyar.

Na uku shi ne zuciyar aikin: raba layi kashi-kashi. Mukan yanka ƙarfen, kowane sashe da nasa makunni a kan allon sarrafawa, wanda aka zana wa taswirar layin. Jirgi ɗaya a sashe ɗaya, ba ƙari. Ƙa'idar da jiragen gaske ke bi ke nan, musamman a layi guda irin na Yawunde zuwa Ngaundere, inda jirage ke jiran juna a tasha. Akwai kuma tarko: in layi ya yi gwiwa ya dawo kan kansa, ja zai haɗu da baƙi, wuta ta yi gajeriyar hanya. Dole a yanka ƙarafan biyu a bakin shiga da bakin fita, a sa makunnin juya wuta.

A Turai da Amurka da yawa sun koma tsarin DCC, inda kowane kan jirgi ke da lambarsa, umarni na bin ƙarafan zuwa gare shi kaɗai. Yana rage waya, amma da tsada, kuma yana ɓoye wa ɗan koyo abin da ya kamata ya gani. Mu tsohon tsari ya fi mana, don ko an ɗauke wutar Lagdo batirin sola ya ishe shi. Mukan jera ƙwan mota mai watt 21 a kan wayar: in an samu gajeriyar hanya sai ya haska, waya ba ta ƙone ba.

Hatsarin Eseka na 21 ga Oktoba 2016, da ya ci rayuka 79, ya nuna harkar jirgi ba ta yafe sakaci. Yaron da ya saba duba allo kafin ya saki jirgin roba ya fara koyon amanar rayukan mutane. Iyaye, in ɗanku na son kwance rediyo, kada ku kore shi. Ku kai shi wurin mai sana'a.