Ko Ka San Jemage Yana Shuka Daji Cikin Dare?

Da zarar magariba ta kawo jiki a birnin Accra na ƙasar Ghana, dubun dubatar jemagu kan tashi daga bishiyoyin da ke kewaye da Asibitin Soja na 37, inda suka yini a rataye kai ƙasa. Irin manyan nan ne masu launin kara a wuya, waɗanda abincinsu 'ya'yan itace ne da ruwan fure. Da ido da hanci suke gano bishiyar da ta nuna.

Idan jemage ya samu ɓaure, sai ya tauna, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar. Amma ƙananan ƙwayoyin iri sukan wuce cikinsa lafiya lau, ya kasayar da su yana cikin tafiya a sama. Masana daga cibiyar Max Planck ta Jamus sun ɗaura wa wasu jemagun Accra na'urar bin sawu, suka gano cewa sukan kai iri har nisan kilomita 75. A wani bincike na 2019 an ƙiyasta cewa garken Accra kaɗai yakan watsa iri sama da 300,000 a dare guda.

Muhimmancin abin shi ne inda irin yake faɗawa. Biri da tsuntsayen daji da yawa ba sa son ratsa filin da aka sare, shi kuwa jemage ketawa yake yi kai tsaye. Don haka a kan gonar da aka bari da dajin da aka ƙone yake zubar da irin, daidai inda ake bukatarsa. Bishiyar loko mai katako mai tsada ta dogara da shi ƙwarai wajen yaɗuwa. Kuka da ɗorawa ma da dare suke buɗe fure, jemagu kuma na cikin manyan masu yi musu barbara.

Sai dai yawansu na raguwa saboda farauta da sare bishiyoyin da suke kwana a kai, ga shi kuma uwa ɗa ɗaya tak take haifa a shekara. Duk mai son daji ya farfaɗo, to ya bar wa jemage makwancinsa, domin shukar da yake yi kyauta ba gwamnatin da za ta iya biyan kuɗinta.