Taƙaddamar Filayen Ma'adinai Tsakanin Kamfanoni: Darasi ga Ƙasashen Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a faɗin Jihar Zamfara saboda taɓarɓarewar tsaro, ba ta kuwa ɗage wannan takunkumi ba sai a watan Disamba na 2024. Buɗe wannan ƙofa ya sake ta da wata tsohuwar tambaya, wato: idan kamfanoni biyu suka yi jayayya a kan fili ɗaya, wane ne ke da ikon shiga? Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa takardar haya da aka samo daga Abuja ba ita kaɗai ke buɗe hanyar fili ba. Za a duba abin da doka ta tanada, a kawo misalin wata shari'a, sannan a auna darasinta a kan arewacin Zamfara.

2.0 Hakkoki Uku a Kan Fili Ɗaya

A dokar Nijeriya, gona ɗaya tana iya ɗaukar hakkoki iri uku. Na farko shi ne hakkin abin da ke binne a ƙarƙashinta. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinai. Na biyu shi ne hakkin doron ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wannan amana a hannun Gwamna, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Na uku shi ne hakkin kamfanin da ya karɓi haya a ƙarƙashin Dokar Ma'adinai ta 2007.

Wannan doka ta kafa ofishin rajistar filayen ma'adinai, bisa ƙa'idar wanda ya riga nema shi ake fara duba wa. Lasin bincike na shekara 3 ne, kuma ba ya wuce murabba'in kilomita 200. Babbar haya kuwa tana kai shekara 25, ba ta wuce murabba'in kilomita 50. To amma Sashe na 100 ya wajabta neman yardar mai fili ko mazauninsa, Sashe na 116 ya wajabta ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da jama'ar wurin kafin a fara aiki, kuma ba a sayar da haya ga wani kamfani sai da amincewar Minista. A waɗannan gaɓoɓi ne rikici yake ɓulla.

3.0 Misalin Ɗangote da BUA

Misalin da za a duba ba a Zamfara ya auku ba, sai dai masu kamfanonin biyu, Alhaji Aliko Ɗangote da Alhaji Abdussamad Rabi'u, duk Kanawa ne, kuma dokar da ta hau kansu ita ce ta hau kan Zamfara. Abin jayayyar shi ne dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Obu, kusa da Okpella ta Jihar Edo.

Kamfanin Ɗangote ya kafa hujja da haya mai lamba 2541, wadda ya ce ya saya daga kamfanin AICO Ado Ibrahim. Kamfanin BUA kuwa ya riƙe hayoyi masu lamba 18912 da 18913, ya kuma ce ita haya ta 2541 a Okene ta Jihar Kogi take, ba a Obu ba. A ƙarshen 2017 magana ta fito fili: Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya ta zargi BUA da haƙa a filin da ba nasa ba, BUA ya kai kuka ga Shugaban Ƙasa, Gwamna Godwin Obaseki kuma ya ba da umarnin rufe wurin. Shari'a ta daɗe a Babbar Kotun Tarayya ta Benin, domin ita irin wannan kotu ce Tsarin Mulki ya ba hurumin sauraron ƙararrakin ma'adinai.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɓangare yana riƙe da takarda mai lamba. Abin da aka rasa shi ne daidaito a kan inda takardar ta faɗa a doron ƙasa.

4.0 Darasi ga Arewacin Zamfara

Idan manyan kamfanoni masu lauyoyi da safiyo sun yi shekaru suna ja-in-ja, ina ga ƙanana? Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abubuwa uku ne ya kamata a kula da su.

Na ɗaya, iyaka. A rajista, fili lambobi ne a kan taswira. A wurin manomin Zurmi kuwa, iyaka ita ce gamba ko tsamiya ko rafi, shaidunta kuma su ne dagaci da uban ƙasa. Muddin ba a haɗa shaidun nan biyu aka kafa turaku a gaban jama'a ba, to an shuka husuma.

Na biyu, yarda. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Zurmi da Shinkafi. Wanda ya yi gudun hijira bai saki gonarsa ba. Idan wani kamfani ya karɓi sa hannun wanda ya tarar a wurin, wani kuma ya karɓi na magada, an sami yarda biyu a kan fili ɗaya ke nan.

Na uku, hanya. Kamfani yana iya mallakar haya, amma hanyar kai motocinsa ta ratsa filin wani kamfani, ko burtali, ko mashaya. Wajibi ne a rubuta sharuɗɗan wucewa da diyya tun kafin a sa diga a ƙasa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa haya izini ce ta haƙa, ba mallakar gona ba ce. Yayin da kamfanoni ke kai-komo a kotu, aiki yakan tsaya, fili ya zama na masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Zamfara ta san ƙarshen haƙar da babu sa ido, domin a 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Saboda haka ana ba da shawarar ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, tare da masarautunsu, su ajiye kundin kowace haya da kowace yarda da aka bayar, a fassara shi da Hausa, a kuma karanta shi a gaban masu gonakin.