Rediyon Da Ake Magana Da Shi Sai Da Jarrabawa

Kusan kowane gida a karkara akwai akwatin rediyo, amma na saurare ne kawai. Akwai wani iri wanda mutum zai yi magana da shi daga ɗakinsa, wani ya amsa masa daga wata ƙasa. Masu wannan harka don sha'awa suke yi, doka ta hana su neman kuɗi da ita. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu.

Ba a magana da irin wannan rediyo sai da lasin gwamnati, lasin kuwa sai an ci jarrabawa. Dalili shi ne hanyoyin da murya ke bi a iska an raba su, kamar yadda aka raba gona da burtali. Akwai na jiragen sama, da na 'yan sanda, da na gidajen rediyo. Wanda bai sani ba yana iya faɗawa hanyar jirgi, ya hana matuƙi jin umarnin sauka.

A Amurka lasin hawa uku ne. Jarrabawar hawan farko tambaya 35 ce, sai mutum ya ci 26. Ta ƙarshe 50 ce, sai ya ci 37. Ana tambaya a kan doka, da lissafin wutar lantarki, da eriya. Wanda ya ci ana ba shi lambar kira, kowace ƙasa da irin tata. Ta Nijeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U.

Karatu kaɗai bai isa ba. Wutar lantarki ba a ganin ta da ido, sai an auna. Shi ya sa suke tara kayan awo. Na farko mita ce, irin wadda mai gyaran rediyo ke riƙewa a kasuwa. Akwai wata mai auna eriya. Idan eriya ba ta dace ba, ƙarfin da aka tura yana komowa cikin rediyon, har ya ƙona shi.

Da yawa tsofaffin kaya suke saye don sun fi araha. Amma tsohuwar mita kamar mudu ne da ya lotsa, tana iya ba da awon ƙarya. Sai a gwada ta da wata mai kyau. Tsofaffin na'urori kuma wasu suna riƙe wuta a ciki ko bayan an cire su daga soket, kuma wutar tana iya kisa. Ɗan koyo ba ya buɗe su sai gaban gwani.