Yadda Ake Gane Bakan Ƙwarai Kafin A Yi Tayi

Yau bayaninmu a kan baka ne, wato bakan itace wanda ake sassaƙawa da hannu. Ko da yake mu hatsi muka fi sani, dillali ba ya zaɓen abin da za a kawo gabansa. Ran kasuwa akan ga maharbi ya zo da baka da kwari yana neman kuɗin gero, ko kuwa baƙo ya zo yana cigiyar na sayarwa. In an yi kuskure a buhun dawa, asarar kuɗi ce kawai. Baka kuwa in ya karye a hannun mai ja, guntun fuska yake nufa, ido kuma ba a sayo shi a kasuwa.

Kada a raina wannan sana'a. A yaƙin Tabkin Kwatto, shekarar 1804, jama'ar Shehu Usmanu dawakinsu kaɗan ne, 'yan baka ne suka tare barden Gobir. Har yau kuma akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwa da yawa.

Da farko a sani baka iri biyu ne a kasuwa. Akwai na ado, wanda ake ratayewa a bango ko a riƙe ran hawan salla. Akwai kuma na harbi. Na ado kuɗinsa yana ga fata da rini da tuntaye. Na harbi kuɗinsa yana ga itacen da yadda yake lanƙwasa. Wanda ya sayar da na ado da sunan na harbi ya yi algus, daidai da mai zuba tsaba a bakin buhu, ƙaiƙayi a gindi.

Abu na ɗaya, itacen. Masu yi sun fi son mai tauri da ke lanƙwasa ya koma yadda yake, kamar dargaza da ɗunɗu, wasu kuma gora suke tsagawa. Sai a tambaya yaushe aka sare shi. Ɗanyen itace yana da sauƙin tanƙwarawa, amma in ya tanƙwaru ba ya komowa, kibiyarsa kuwa ba ta nisa. Ana so ya sha iska a inuwa wata da watanni, har danshin cikinsa ya sauko kamar kashi 10 cikin 100. Mu masu hatsi mun san wannan magana, don masara ma sai ta sauko wajen kashi 13 take ajiyuwa. A ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Busasshe ƙararsa tsaf take fita, mai danshi kuwa a dushe. In an ga 'yan ƙananan huji da gari yana zuba, ƙwaro ya riga mu ciniki, sai a bar shi.

Abu na biyu, bayan baka, wato gefen da ke duban abin harbi. Idan aka ja tsarkiya, bayan miƙewa yake yi, cikin kuma, gefen da ke duban maharbi, matsewa yake yi. Saboda haka dole jijiyar itacen ta baya ta tafi ɗoɗar daga kai zuwa kai, ba a datse ta ba. Gwanin masassaƙi ɓawo kawai yake ɓarewa a baya, duk ragin da zai yi da gizago ko wuƙa daga ciki yake yi. In akwai ƙulli, wato inda reshe ya taɓa fitowa, yakan bar masa ɗan tudu. Wanda bai sani ba sai ya ce mummuna ne, alhali shi ne aikin ƙwarai. Wanda aka goge ƙullinsa ya yi sumul, nan ne zai tashi.

Wannan ƙa'ida ba tamu kaɗai ba ce. A Ingila an tsamo wani jirgin yaƙi mai suna Meri Ros a 1982, wanda ya nutse tun 1545, aka sami bakunkuna 137 cikakku a cikinsa, na wani itace da suke kira yu. Masu yinsu sun bar farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo a baya, don shi ke jure miƙewa, jan itacen tsakiya kuma a ciki, don shi ke jure matsi.

Abu na uku, cikin baka. A kai shi wajen haske a juya shi sannu. In an ga waɗansu siraran layuka kamar gashi sun gitta itacen a kwance, wurin ya gaji ke nan, an rage shi fiye da kima. Ba ya warkewa, ƙaruwa yake yi.

Abu na huɗu, shi ne babba, lanƙwasa. A ce wa mai shi ya ja da hannunsa, mu kuwa mu koma gefe mu duba. Ana so sama da ƙasa su tanƙwaru tare, kamar jinjirin wata, kauri yana raguwa kaɗan-kaɗan daga mariƙa zuwa kai. In wuri guda ya karye kamar gwiwar hannu, sauran yana sandare, to, wurin nan shi kaɗai ke ɗaukar nauyin duka, kwanansa ƙidayayyu ne. A kasa kunne kuma. Bakan ƙwarai shiru yake yi. In an ji ƙas, ko ƙanƙane ne, a ce a sassauta nan da nan.

Abu na biyar, tsarkiya da kawuna. A ɗaga baka a daidaita ido daga wannan kai zuwa wancan. Tsarkiya ta bi tsakiyar mariƙa. In ta kauce gefe, itacen a murɗe yake, zai riƙa juyawa a hannu. Tsarkiyar fata a duba murɗinta ya zama bai ɗaya, babu inda ta sirance. Amma tsarkiya abin sauyawa ce, kada a fasa ciniki dominta, sai dai a rage kuɗinta.

Sa'an nan maganar naɗi. Fata a mariƙa ko a kawuna ba laifi ba ce, tana ma ƙara ƙarfi. Amma in an ga naɗi a tsakiyar reshe guda, ɗayan babu, a tambayi dalili. In mai kaya ya ƙi a kwance, to, cinikin biri a sama ne. Ba ma sayen buhu sai mun soka mun ga abin da ke tsakiya, nan ma haka.

Waɗansu ladubba kuma wajen gwaji. Kada a saki tsarkiya ba kibiya a kai, don ƙarfin da zai tafi da kibiya cikin itacen yake komawa. Kada dogon mutum ya ja bakan gajere iyakar hannunsa. Da hunturu a yi a hankali, itace yakan bushe ƙwarai ya yi saurin tsagewa. Da damina kuma yakan yi sanyi, ba a gane ainihin ƙarfinsa. Wanda ya ajiye don sayarwa ya shafa masa man kaɗanya, ya kwantar da shi a inuwa, kada ya jingine shi a kan kansa guda, kada kuma kusa da murhu.

Ba mu sa farashi a wannan karo ba, don baka ba mudu ba ne, kowanne da kuɗinsa. Sai dai dillali ya faɗa wa mai saye gaskiya, na ado ne ko na harbi, da aibin da ya gani. La'adar baka ba ta taka kara ta karya ba, ba ta kai a ce gobe wane ne ya sayar da abin da ya tsone wa mutum ido ba.

Allah ya ba da kasuwa. Haza wassalam.